Wankin da Mulika Ta Yi

Tun da aka cire wa Iya Latifu nono ɗaya a asibitin Ibadan, daga ita sai mijinta suka sani. Shi ya samo mata wata rigar mama mai aljihu a hagu, inda take cusa auduga, ta ɗaura zani ta tafi kasuwa da tiren barkononta kamar kowace mace. Da ya rasu, sirrin ya rage tsakaninta da rigar nan.

Ai kuwa rigar ta ga gata. Ruwan sanyi, sabulu ɗan kaɗan, ba cuɗa, ba murɗa. Rana kam ba ta taɓa ganinta ba, don rana ke kashe roba. A bayan ƙofa take shanya ta, ta rufa tsohon ɗankwali a kai. Duk da haka tsufa ya kama ta, ƙugiya ɗaya ma zare ke riƙe da ita.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Iya Latifu. Matar ɗanta, Mulika, ta zo jinya, yarinya mai zafin nama, ba ta iya ganin farin abu ya dushe. Ta tuƙa amala, ta share ɗaki, ta kwashe duk abin da ta gani a rataye. Ta tafasa ruwa da soda, ta zuba kayan, tana juyawa da sanda yadda uwarta ke yi wa fararen kayan Sallah.

Muryar maƙwabciya, Iya Bose, ce ta tashi mara lafiyar.

"Mulika, wannan mai aljihun ta wace ce? Surukarki ta buɗe shago a ƙirji ba mu sani ba?"

"Ku bar Mama ta huta. Ku da ba ku sa komai, ina kuka san ado?"

Matan gidan suka kwashe da dariya. Iya Latifu ta lallaɓa ta leƙa taga. Ga rigar can a igiya, tsakiyar gida, rana na dukanta, maɗaurin ya saki kamar hanjin kaza. Ga dunƙulen audugar ma, an wanke an maƙala a gefe. Iya Bose ta tsaya tana kallonsa, dariyar ta ɗauke.

Da la'asar Mulika ta shigo ta durƙusa, ta miƙa rigar da hannu biyu.

"Mama, kun ga yadda ta yi fari?"

Iya Latifu ta ja maɗaurin a hankali. Ya miƙe, bai koma ba. Zaninta ya ɗan zame, idon Mulika ya sauka a ƙirjinta, gefen hagu shafe.

"Mama..."

"Tashi, 'yata. Ta yi fari, sannu da aiki."

Ta ninke rigar ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa ta.

"Kira mini Iya Bose. Gara ta ji daga bakina kafin ta kai kasuwa."