Rumbu Mai Ƙafa Huɗu

"Ba zan sa masa haƙora ba," na ce wa Oga Muntaka, ina tsaye a kan turmi a bayan gida, don nan kaɗai waya ke kamawa.

Shi ne shugaban masu zane a wani kamfanin wasannin waya a Abuja. Da na gama kwaleji suka ɗauke ni aiki daga gida, suka aiko mini da kwamfutar zane, aikina in ƙirƙiro musu dodanni. Na yi musu kunama mai sirdi da jemagen ƙarfe, duk sun karɓa. Sai na zana Rumbu.

A shekarar ne tsada ta sa gidaje da yawa a ƙauyenmu suka koma cin abinci sau ɗaya. Wata rana ina kallon rumbunmu, sai na ga kamar zai miƙe daga kan duwatsunsa. Na ba shi ƙafafun raƙumi, na karkata masa jinka kamar hular ɗan gaye, idanu kuwa na tsohon da barci ke fizga. Mutanen gida suka kewaye ni. Yayata Luba ta ce wannan ai Baba ne bayan ya ci tuwo. Baba ya leƙo, ya ce in dai shi ne, a ƙara masa gemu ko ya kai ƙara wurin mai gari. Inna ce ta ba Rumbu sana'a: ya riƙa yawo da yamma yana shanshana iska, gidan da bai ji hayaƙin girki ba, ya durƙusa a ƙofar ya buɗe jinka.

Oga ya ga hoton, ya yaba ƙwarai. Amma ya ce wasa sai da abokin gaba. A sa haƙora da jajayen idanu, mai wasa ya fasa cikin da takobi, gero ya zube, ya kwashi maki. Na ce ga kunama nan, a sare ta har a gaji. A garinmu ko mahaukaci ba ya fasa rumbu.

"Rahmatu, zane ne fa kawai."

"Ni na zana shi, Oga. Na san ko wane ne."

Ya ce in zaɓa, ko haƙora ko in mayar da kayan aikinsu.

Ranar kasuwar Tsanyawa na kai kwamfutar tasha, na damƙa wa direba, na dawo da bula da farar ƙasa. Ni da Luba muka yi wa rumbunmu na gaske idanu da ƙafafu, da gemu har ƙasa. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo, wata tsohuwa har ta gaishe shi, ta tambaye shi gajiya. Tun daga ranar, in Inna ta lura wani gida shiru babu hayaƙi, sai ta zuba tuwo a kwano ta ce in kai, in ce Rumbu ne ya durƙusa. Da dariya ake karɓa, ba mai jin kunya.

Da albashin nan Baba ya yi niyyar sayen takin zamani. Ba a saya ba. Gonarmu ta ba da rabin abin da ta saba bayarwa, ni kuma har yau da gawayi nake zane.