Sunan 'Yar Fari

Shekarar da aka yi nunin amfanin gona a Gusau, bijimin Hamidu, mutumin garin Kekun Waje, ne ya zo na ɗaya. Aka ce wanda dabbarsa ta ci, ya kawo iyalinsa rumfar Bature su ci abinci kyauta. Baturen ɗan Italiya ne, an ce ya zauna Amurka. Ya kafa rumfarsa gefen wani lilo mai inji, da dawakan katako suna ta kewaye.

Hamidu ya zo da uwarsa, tsohuwa Uwani, da matarsa Kulu, da 'yarsu ta fari, Luba. Tun da Kulu ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa faɗin sunanta ba. Haka ake yi wa 'yar fari. "Ke" take ce mata, ko "waccan".

Kulu ba ta so zuwa ba. A bakin rijiya mata sun sha faɗa cewa naman gwangwanin Turawa ba na dabba ba ne.

Wata ma'aikaciya, Dibora, ta dire musu kwanoni: taliya fara, an malala mata jar miya.

"Ku ci, Malam, ba alade a ciki," in ji ta. "Ko sai na ba ku a baki?"

Ba wanda ya taɓa. Idon Kulu yana kan gwangwanayen da aka jera bayan tebur. Mai hoton tumatir, ta ga an zuba tumatir daga cikinsa. Mai hoton kifi, kifi. Can ƙarshe ga wani da hoton jariri mai kumatu, yana dariya.

Ta juyo. Wurin da yarinyar take zaune ba kowa. Labulen madafa yana motsi.

"Inna," ta ce da surukarta, "waccan fa?"

Tsohuwa ta duba ƙarƙashin benci. Ta kira, amma tari ya cinye mata murya, ƙarar injin lilo ta danne sauran. Hamidu ya miƙe, ya buɗe baki, ya dubi uwarsa, ya rufe. Shi ma 'yar farinsa ce.

Daga bayan labule aka ji sara a kan katako. Ƙwas. Ƙwas. Sai dariyar Bature.

Kulu ta nufi labulen. Dibora ta tare ta.

"Ba a shiga nan, uwar ɗaki. Wa kike nema?"

"Yarinya."

"Yara sun cika filin nan. Wacce? Mene ne sunanta?"

Kulu ta dubi mijinta. Ta dubi tsohuwa. Mutanen garinsu suna zaune a benci na gaba, sun zuba mata ido. Saran ya tsaya.

"Luba!" Muryar ta fita har mai injin lilo ya waiwayo. "Luba! Luba!"



Labule ya ɗaga. Yarinyar ta fito, bakinta da haɓarta da gaban rigarta duk ja. Kulu ta yi kanta da gudu. Ta cafko ta, ta shafa jan, ta kai yatsa hanci. Tumatir. Bature ya leƙo da wuƙa a hannu ɗaya, albasa a ɗayan, bai san abin da ake ciki ba.

"Madara ce a wancan gwangwanin, baiwar Allah," in ji Dibora, da ta ga inda idon Kulu ya koma.

Luba ta lashe leɓe, tana kallon uwarta.

"Ke ce kika kira ni? Ashe kin san sunana?"

Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska. Tsohuwa Uwani ta jawo kwano, ta yi bisimilla, ta ce kunnenta ya daɗe da mutuwa, ba ta ji komai ba.

Da suka koma gida, maƙwabta suka tambayi Hamidu ko wurin ya isa a kai iyali.

"Abincin ba laifi," in ji shi. "Amma wanda zai je, ya bar 'yar fari a gida."