Ƙafar Tela

Baba Direba ya riga ya naɗe hannun riga, ya lakato man zafi, ya ɗora ƙafar Tela a kan cinyarsa, sai ga Likitar Gobe ta shigo gida da farar rigarta ninke a hannu.

Ƙafar hagu ce. Daga idon sawu har gwiwa ta kumbura ta yi suntum, fata tana ƙyalli, ga zafi. Tela ya yi kwana da kwanaki zaune a kan keken ɗinkinsa na lantarki yana fama da rigunan 'yan makaranta, ƙafar dama tana danna keke, ta hagu tana lilo ba aiki. Da abin ya ƙi sauka, matarsa ta kira Baba Direba. To, duk gidan hayar nan wa za a kira in ba shi ba? Mutumin da tirela ta kife da shi a kan gada ya fito da ƙafarsa, kwalara ta kwantar da shi ya tashi, sa'o'insa duk ya raka su makabarta. Bai taɓa zama a aji ba, amma jijiyoyin direbobin da hannunsa ya warware sun cika tasha.

"Likitar Gobe, zo ki ga aiki," in ji shi. "Wannan ba a koyar da shi a makarantarku."

'Yar mai ɗakin ƙarshe ce, ta kusa gama karatun likita. Da, yarinyar nan baki gare ta, ko tari ka yi sai ta tsare ka da tambaya. Bana kuwa ta koma shiru-shiru. Ta tsuguna ta taɓa ƙafar, ta dubi ɗayar, ta sake duban wannan.

"Kawu Tela, numfashinka fa?"

"Ɗazu dai da na ɗauko ruwa sai da na tsaya na huta."

Baba Direba ya ga fuskarta ta sauya.

"Baba, ina ga kamar da ba a matsa ba."

"Me kika ce? Ɗaga murya, injin tirela ya cinye min rabin kunne."

"Na ce wani lokaci jini yana daskarewa a jijiya. In aka matsa, gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu."

Matar Tela ta dafe ƙirji. "To mu tafi asibiti mana!"

"Asibiti? Gobe za a zo karɓar rigunan nan," in ji Tela. "Ke 'yar nan, kin tabbata?"

Baba Direba ya ɗaga hannuwansa daga ƙafar, yana jira. Shi mutum ne da in makanike ya ce masa birki ya mutu, ba ya musu. Da ta ce i, da a bayansa zai goya Tela zuwa titi.

Ta dubi ƙasa. "Ban tabbata ba. Ƙila tsamin jiki ne. Ni ɗaliba ce kawai."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Baba ya murza ƙafar nan murzawa ta gwani, daga ƙasa zuwa sama, Tela yana cije baki yana sa masa albarka. Tela ya miƙe ya koma kan keke.

Rana ta fara sanyi ƙarar keken ta tsaya. Matar ta ƙwalla ihu. Tela yana kwance tsakanin ƙyallaye, yana kamun iska da baki, leɓɓansa sun yi baƙi. Sai ga yarinyar nan ta fito a guje babu takalmi, da wata murya da Baba bai ji ba tun bara.

"Ku ba shi iska! Baba, tare mota! Matar Kawu, riƙe kansa, kada ki ba shi ruwa!"

A cikin tasi tana danna ƙirjinsa har gumi yana ɗiga daga haɓarta. Ba su kai ƙofar asibiti da shi da rai ba. Likitan da ya duba ya ce gudan jini ne ya toshe huhu. Ya ce ƙila ko ba a taɓa ƙafar ba zai ɓalle, amma da an kawo shi tun hantsi, da akwai abin yi.

Bayan an kai Tela an dawo, mutane sun watse, Baba ya sami Likitar Gobe a bakin famfo zaune a kan bokiti.

"Kin san abin," ya ce. "Kin faɗi sunansa, kin faɗi inda zai je. Wa ya koya miki magana kamar mai neman gafara?"

Sai ta ba shi labari. Ashe bara, suna zagayen marasa lafiya, farfesansu ya nuna mata wata ƙafa. Ta ce gudan jini ne, ashe ƙurji ne a ciki. Ya tara 'yan ajin a gaban majinyacin, ya ce su tafa wa Malama Gudan Jini. Sunan ya bi ta. Ranar jarrabawar baki, tana ganinsa harshenta ya ƙulle, ta faɗi, ta maimaita shekara.

"Tun daga nan, Baba, ko na san abu sai in ji kamar ƙarya nake yi. Ni na kashe shi."

"Rufe min baki! Hannun wa ya matsa?" Ya buga sandarsa a siminti. "Ni na yaye direbobi sun fi gashin kan farfesan nan. Wanda ya jefa min mota a rami, da safe shi nake miƙa wa makulli, in ba haka ba har ya mutu hannunsa rawa zai yi. Shi wannan wane irin malami ne? An ba shi yarinya da idonta da bakinta, ya dawo mana da ita ba baki! Ya sha tafinsa, mu muka ɗauki gawa. Wallahi da ina da ƙafar da, da har ofishinsa zan je in ja masa kunne a gaban majinyata!"

"Gobe zan ce musu na bari."

Baba Direba ya yi tsaki. Ya jawo benci ya zauna da ƙyar, ya ɓalle maɓallan rigarsa.

"Ɗauko abin sauraren ƙirjin nan naku. Ki auna ni. Duk abin da kika ji a ciki, ki faɗa min yadda kurma zai ji."

Ta shiga ta ɗauko. Ƙarfen ya yi masa sanyi a fata. Ya buɗe baki zai gaya mata cewa ƙirjin nan ya taɓa karya sitiyari.

"Yi shiru, Baba," ta ce. "Ja numfashi."

Ya yi shiru, ya ja. Famfo yana ɗiga a bayansu, ita kuma ta rufe ido tana matsar da ƙarfen a hankali zuwa hagu.