Rabin Goron Malam Maitama

"Ɗaga buhun nan daga ƙasa, Mannir, sanyin siminti zai kama shi."

Malam Maitama ne ke ba ni umarni daga kan tabarmarsa, rediyo a cinya, numfashi yana fita da ƙyar. Na ɗaga buhun na ɗora a kan katako. Busasshen zoɓo ne cike da zauren, rabi nawa rabi nasa, ga damina ta ƙarato. Da zarar laima ta shige shi zai yi baƙi, kuma ba mai sayen baƙin zoɓo.

Raina a ɓace yake, ban kuma ɓoye ba. Shi ya sa na bar masara bara na cika gonata da zoɓo, wai masu kai shi ƙasar waje har gida suke bin mutum. Muna gama girbi ƙasar da ke saye ta rufe ƙofa, ta ce ta ga ƙwaro a cikin kaya. Hukumomin ƙasarmu suka ce sharri ne. Dillalan Funtua suka daina ɗaga waya.

Malam Maitama maƙwabcina ne, katanga ɗaya. Shekara talatin yana sulhu a kasuwar Dandume, kuma hanyarsa ɗaya ce: ya zaunar da masu rigima a tabarma guda, gwiwa na taɓa gwiwa, ya fasa goro biyu, ba mai tashi sai ya ci. Magana ba ta taɓa wuce kasuwa uku a hannunsa ba. Da wannan ya auna rigimar ƙasashe.

"Kasuwa uku, Mannir. Kada ka karyar da shi. Manya ne, sun fi mu hankali."

Kasuwa uku ta zama goma sha huɗu.

Ranar nan 'yarsa Amatullahi, malamar gona a Funtua, ta zo da magani. Ko mayafi ba ta ajiye ba ya tare ta.

"Uwata, yaushe za su gama?"

"Baba, ba irin naka ba ne. Ko zama ba su fara ba. In ƙasarmu ta kai ƙara ƙungiyar ciniki ta duniya, su biyun za su fara tattaunawa kwana sittin. In ba su daidaita ba, a naɗa mutum uku daga wasu ƙasashe su saurari hujja. Wannan sai ya ci shekara."

"Sai a yanke."

"Sai wanda aka kayar ya ɗaukaka ƙara. To kotun saman yanzu ba alƙalai a cikinta, an kasa yarda a kan waɗanda za a naɗa."

Ya ajiye rediyon gefe. "Masu sulhun ma ba su sasanta ba ke nan. A tabarma ɗaya dai suke zama?"

"Yawanci takardu suke aika wa juna, Baba."

Tun da nake ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ni kuwa ta ƙofar zaure ina hango hadari yana haɗuwa ta gabas.

Da ta shiga ciki ya matsa gefe, ya buga tabarmar da tafin hannu. Na zauna, gwiwata na taɓa tasa, ƙashi zalla. Ya laluba aljihu ya fito da goro, ya fasa da ƙyar, ya miƙo min rabi.

"Ni na sa ka, na kuma hana ka sayarwa. Ci."

Na karɓa. Sai na tuna rumbuna da babu ko tiyar masara, zuciya ta ɗebe ni.

"Sai ƙasar can ta buɗe ƙofa, Malam."

Daidai lokacin iska ta ɗaga kwanon rufin. Na jefa goron a aljihu na miƙe neman leda. Cikin shekara talatin, ni ne na fara tashi daga tabarmar nan ban ci ba.

Ina kan rufi ina danne leda da duwatsu ruwa ya sauko. Ban ji komai ba sai da Amatullahi ta fito tsakar gida, ba mayafi, ta ɗaga kai.

"Baba Mannir, sauko. Ya cika."

Bayan la'asar muka kai shi. Buhu huɗu ne suka jiƙe, su mata suka dafa wa masu zaman makoki. Ran kwana uku rediyonsa ya ce ƙasashen biyu sun amince su zauna bayan Sallah. 

Da jama'a suka watse na shiga zauren. Da na ɗaga gefen tabarmar don in naɗe, sai ga rabin goronsa, da sawun haƙori ɗaya a jiki. Na mayar da tabarmar na zauna a inda na zauna ranar nan. Na ciro nawa daga aljihu, ya bushe ya yi ja. Na daɗe ina taunawa, ruwa yana ɗiga daga rufi a kan buhu na farko.