Kwalin Da Ya Ƙi Zama Ƙasa

Shekara goma sha tara ina girki a jirgin ruwan mijina, Anacleto, daga Manaus zuwa ƙauyukan kogin Purus, kuma ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar da kwalin batir ya fara hayaƙi a ɗakin inji. Irin batiran nan ne na litiyam da ake yi wa caji da hasken rana. Ya sunkuci kwalin ya wurga kogi. Jirgi ya tsira, amma fatar hannunsa na dama ta saɓule. Tun daga ranar ya rantse babu batirin da zai ƙara hawa jirginsa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Matsalar ita ce jirginmu kaɗai ke kaiwa ƙauyen Boca do Tucumã. Batiran na firjin ɗakin shan maganin ƙauyen ne, inda ake ajiye allurar saran maciji. In babu sanyi allura ta lalace. Ga shi saura wata biyu kogi ya cika, lokacin da macizai ke shigowa har ƙarƙashin gado.

Ana haka wata yarinya ta hau jirgi da jaka da littafi, ta zo kai tsaye wurin mijina.

"Baba Anacleto, sunana Valdirene. Ni na zana kwalin da ya ƙone ka."

"To madalla," in ji shi. "Kin zo ki ƙarasa ɗaya hannun?"

Ba ta yi fushi ba. Ta ce 'yar Dona Marlúcia ce, mai jinyar ƙauyen, kuma tana aiki a wani ƙaramin kamfanin kwali. Sun jefo kwalin daga sama, sun jijjiga shi, sun danne shi da nauyi, bai yi ko gezau ba. Abin da ya faru a jirgi ne ta kasa ganewa, shi ya sa ta zo ta gani da idonta.

Da farko haushinta nake ji, ba na ɓoyewa. Kifin da ya fi ƙaya nake zuba mata. Amma kwana uku tana bin 'yan dako da ido, tana rubutu, ba ta damu kowa ba, har na gaji da ƙiyayyar. Rana ta huɗu ta same ni ina tace kofi.

"Inna Edinalva, me ya kai kwalina ɗakin inji?"

"Ba ke kika zana lema a jikinsa ba?"

"Don kada ya jiƙe."

"To ai shi ke nan. A jirgin nan duk abin da ke tsoron ruwa ɗakin inji ake kai shi, da garin rogo da siminti da sukari. Girmama shi suka yi. Kuma kin yi masa sama shafaffe, makaniki ya samu kujera, har butar kofi yake ɗorawa."

Ta dafe kai. Zafi shi ne abokin gabar irin wannan batir, ta rubuta hakan a jikin kwalin da ƙananan baƙaƙe. Na ce mata ɗan dako mai buhu biyu a ka ba ya tsayawa karatu.

"To ina ne a jirgin nan babu ruwa, babu zafi, babu mai takawa, babu mai zama a kai?"

Na yi dariya. "Sai dai ki saya masa gadon lilo, 'yata, ya kwanta a bene da fasinja."

Wasa nake yi. A benen jirgi kowane fasinja ke ɗaure gadon lilonsa a ƙugiya, ƙarƙashin rumfa, iska na shiga ta ko'ina, kuma ko ɓarawo yana jin kunyar taɓa na wani. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kai tana kallon ƙugiyoyin.

Bayan mako uku ta dawo tashar Manaus da wani abu da ban san sunan da zan ba shi ba. Gindinsa tsini ne kamar cikin kwalekwale, samansa a ƙumbure, ga igiya biyu masu kauri gefe da gefe. Ta buɗe mana. Kowane batir da ɗakinsa, an naɗe shi da ƙyallen da ba ya cin wuta, an sa wa bakinsa hula don kada ƙarfe ya taɓa shi. A waje akwai ɗigo fari da zai koma ja in zafi ya yi yawa.

Anacleto ya leƙa ya taɓe baki.

"Wancan ma kyakkyawa ne. Ke za ki tsaya kina yi wa kowane ɗan dako wa'azi?"

"Ba zan ce uffan ba, Baba. Kira wanda ya fi kowa taurin kai. In ya kai shi ɗakin inji, na ɗauki kayana na tafi, ba za ka ƙara ganina ba."

Na san wanda zai kira. Gervásio ne, mutumin da ya taɓa ɗora injin ɗinki a kan tiren ƙwai. Ya saɓa kwalin, ya ji nauyi, ya ga abu mai tsada, ya nufi ɗakin inji kamar yadda ubansa ya koya masa. Valdirene ta riƙe hannuna.

A bakin ƙofa ya dire shi. Kwali ya kife. Ya tayar da shi, ya jingina da buhun gari, ya sulale ya bugi ƙafarsa.

"Wane ɗan banza ne ya yi akwati ba gindi?"

Ya tsaya yana huci. Sai idonsa ya kai kan igiyoyin, ya ga irin madaukin gadon lilon da yake gani tun yana cikin zanin goyo. Ya ja tsaki, ya hau bene, ya rataye shi tsakanin wata tsohuwa da wani mai sayar da gishiri. Har da gwada ƙullin da hannu.

Tsohuwar ta leƙo. "Wannan maƙwabcin nawa ba ya minshari dai ko?"

Bene ya kwashe da dariya. Ni kam guɗa na rangaɗa da ludayi a hannu, ban damu da wanda ke kallo ba. Anacleto ya je ya tayar da inji.

Kwana biyar muna tafiya, kullum sai ya hau bene sau uku wai duba rumfa, alhali ɗigon nan yake dubawa. Ranar Laraba da la'asar hadari ya taso, muka daki tudun yashi. Tukwanena suka watse, buhuna suka rikito a ƙasa, makaniki ya fasa leɓe. Muka ruga bene. Kwali yana ta lilonsa a hankali, ɗigo fari fat.

Da muka isa ƙauyen Gervásio ya miƙa hannu zai kwance, Anacleto ya ture shi.

"Bari. Fasinjana ne."

Shi ya ɗauko shi a kafaɗa har ɗakin shan magani, mutanen gari na biye. Valdirene ta haɗa wayoyi, firji ya yi gurnani ya kama. Dona Marlúcia ta rungume 'yarta tana kuka, ni ma na taya ta, don daɗi ya kai ni wuya.

Da firjin ya ɗauki sanyi aka jera alluran. Mijina ya matsa, ya naɗe hannun riga, ya zura hannun nan mai tabo ciki, ya bar shi ya daɗe.

"'Yata," ya ce, "ƙauyuka nawa ne ba su da wannan?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

Ya juyo ya dube ni. "Edinalva, ƙugiya nawa gare mu a bene?"