Ranar da Baba Labbo Ya Same Ni a Ƙarƙashin Tebur

Ingilishin da nake taƙama da shi a Konni, wata takwas na yi ina tsintarsa a Sakkwato, a rumfar wani mai gyaran rediyo. Amma a 1971 wannan ya isa a kira ni mushe, wato malam, kamar malaman lakwal, makarantar boko. Na buɗe aji a zauren maƙwabcina. Ɗalibaina direbobi shida ne masu ƙetara iyaka da kaya, duk sun girme ni.

Surukina Baba Labbo bai taɓa yarda aiki nake yi ba. Ya gaya wa matata Zalika zai zo ya gani da idonsa, in shiririta ce in tattara in koma Tsarnawa in riƙe masa gona. Ni kuwa a duniya ba abin da nake tsoro kamar hauya.

Direbobi ba su da haƙurin allo, don haka da jikina nake koyarwa. Ran nan muna kan kalmar "under", wato ƙarƙashi. Na naɗe riga, na shige ƙarƙashin tebur, ina faɗa suna maimaitawa. Sai na ji sallama, na hango takalman Baba Labbo a bakin ƙofa. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya zauna daidai gaban teburin.

Gaisuwa ba ta ba ni wahala ba, dama a durƙushe ake gaida suruki. Fitowar ce ta gagare ni. In na fito sai na tsaya a kansa ina ɗaga murya, kuma abin da ke biye shi ne in haye teburin in nuna kishiyar kalmar, shi yana ƙasa. Kunya ta ɗaure ni. Na ci gaba da darasi daga ciki, kai a sunkuye, ina ta "under" har la'asar. Direbobin nan marasa imani ba wanda ya cece ni. Tanimun, babbansu, har cewa ya yi in sake, bai gane ba.

Da Baba Labbo ya tashi tafiya, ya leƙo.

"Kullum haka aikin ga yake?"

"A'a, Baba, wata rana bisa nika hawa."

Ya daɗe yana kallona.

"Ladabi kam kana da shi, ɗana. Amma in dai duƙawa ta, taho ka duƙa inda hatsi ka hitowa. An yi ruwa, ina jiranka ran Lahadi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na so in kare kaina. Amma ba a gardama da suruki, balle daga ƙarƙashin tebur.

Na ce, "To, Baba."