Igiyar Shanyar Mama Lois

"Wane naɗi kuma, ɗana? Baƙin nan da ka ajiye a zaure?" in ji Mama Lois tana matse zani. "Ai na raba shi."

Alfred ya ɗaga kai. Ga kebul ɗinsa na wayar wuta sabo fil, an ja shi daga gindin darbejiya zuwa ƙofar kicin, rigunan mijinta Baba Titus na lilo a kai.

Shi ya saba musu. Tun da ya fara neman Janet, 'yar gidan, duk guntun da ya rage a wurin aikinsa na jan wayar lantarki nan yake kawowa. Wani ya zama igiyar guga, wani ya ɗaure akuya. Lokacin kuwa kuɗin fetur ya shigo, turakun wuta suna ta tsirowa a unguwar Jekadafari kamar dawa, sai Baba Titus ya kafa sharaɗi: ba biki sai ƙwan lantarki ya kama a falonsa kafin Kirsimeti. Wannan naɗin, da ƙyar Nnabuike mai shago ya samo shi daga Jos, kuma ya ce kada a sa ran wani bana. Mama ta sa adda ta yanyanka shi, har matar fasto ta samu rabonta.

Da Mama ta gane ɓarnar, ta ce a bi gida-gida a tattaro a ƙulla. Alfred ya girgiza kai. Ransa na kan Janet, amma ya ce ba zai shimfiɗa waya mai ƙulle-ƙulle a rufin da iyayenta ke kwana a ƙarƙashinsa ba, gobara ce.

Baba Titus ya fito yana gyara tabarau. "Injiniya, ina wutar? Ko a jikin rigunana za ta kama?"

"Baba, sai baɗi."

"To biki ma sai baɗi."

Janet tana guga a bakin ɗaki, ta ji komai. Ta ajiye dutsen gugar a hankali, ta dubi mutumin da ya yarda ya rasa ta da ya sa iyayenta a haɗari, ta taso ta tsaya kusa da shi.

"Baba, da fitilar ƙwai aka kai Mama ɗakinka, kuma ba ka taɓa cewa ba ka gan ta da kyau ba. Wutar za ta zo baɗi. Ni kam bana zan auri Alfred."